Waƙoƙin Bakin Kainji Sun Fi Ƙarfin Memori

Tun da hukumar NCC ta amince, a Janairun 2025, kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari, masu cewa komai yana intanet suka fara sassauta murya. A Yauri da Wara da Shanga dama can ba a dogara da intanet wajen jin waƙa ba. Shagon masu caji ake zuwa a tura wa mutum a memori, ko aboki ya tura masa ta Xender. Wannan ɗabi'a ce ke tayar mini da hankali, domin mun mayar da memori rumbu, alhali ba a ƙera shi don ajiyar shekaru ba.

Tsadar data da raunin sabis a ƙauyukan bakin ruwa suna da nasu laifin, amma tushen matsalar kasuwa ce. Daga kaset muka koma faifan CD, daga nan muka koma waya, kuma a kowace ƙaura abin da ke kawo kuɗi kaɗai ake kwashewa. Shata da Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya sun haye. Shi ma Sani Aliyu Ɗandawo na Yauri ana samunsa a YouTube. To ina kiɗan bikin Gungawa da Kambari da Lopawa? Ina waƙoƙin Sarkawa masunta, da kirarin da ake yi wa matuƙa kwalekwale a bikin Rigata? Boomplay da Audiomack da Spotify ciniki suka fito, ba za su biyo makaɗin ƙauyen da masu saurarensa ba su wuce gunduma ɗaya ba.

Asarar ta fi ciwo a nan saboda tarihi. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, an tayar da mutane fiye da 40,000, ruwa ya shanye tsibirai da garuruwa. Yau yaran Gungawa da yawa Hausa ta fi kama bakinsu fiye da harshen iyayensu. Sau da yawa tsohon kaset ne kaɗai ya riƙe sunan wani gungu ko wani sarkin ruwa. In aka juye shi a waya, wayar ta faɗa tafki ko aka sace ta, shi ke nan. Wanda ya tsira ma yakan zo tsirara: ba sunan mawaƙi, ba shekara, ba wanda aka yi wa waƙar, sautin kuma ya dusashe saboda yawan juyi.

Maganin bai kai yadda ake zato wuya ba. Tsohuwar kwamfutar cinya ta isa. A haɗa ta da faifan ajiya mai tarabait 1, wanda zai ɗauki waƙoƙi kusan 200,000 masu nauyin megabait 5, a sa mata manhaja ta kyauta irin Jellyfin ko Navidrome, a jona ta da na'urar wayifai. Duk wayar da ke gidan za ta saurari waƙa daga gare ta ba tare da an taɓa data ba. Kaset kuwa ana juye shi da manhajar Audacity. Sharaɗi biyu ne: a rubuta bayanin kowace waƙa tun masu sani na raye, a kuma ajiye kwafi na biyu a wani gida.

Masu ja suna cewa ina wutar, ina kuɗin? Gaskiya ne, abin takaici ne a ce maƙwabtan madatsar da aka gina don megawat 960 suna kwana cikin duhu. Amma solar da ke ɗaukar fanka da talabijin ba za ta gaza kwamfuta ɗaya ba. Masu tsoron satar fasaha ma suna da hujja, don haka ajiyar gida ba izinin sayar da gumin mawaƙi ba ne.

Ba kowane gida zai iya ba, kuma ba sai kowa ya yi ba. Fadar Yauri, makarantu, ƙungiyoyin raya al'adu da masu shagon tura waƙa, ko mutum ɗaya a kowace gunduma, sun wadatar. Shata ya rasu a 1999 amma kasuwa ta riƙe muryarsa. Makaɗan bakin Kainji ba su da wannan gatan, sai wanda 'ya'yansu suka yi musu.