Ɓuntun Shinkafa a Hannun Ɗalibai

Da zarar an raba wa ɗaliban shekarar ƙarshe taken bincikensu, sai bayan ɗakin walda na wata makarantar kimiyya da fasaha a Birnin Kebbi ya cika da kaya. Ga buhunan ɓuntun shinkafa a jingine da bango, ga tsohon duro da aka huhhuda gindinsa, ga jak ɗin mota an ɗaure shi a jikin ƙarfe, can gefe kuma tukunyar kokon rogo tana kan wuta. Kusan dukansu da kuɗin aljihun ɗaliban aka tara su, ta hanyar karo-karo, mutum huɗu ko biyar a kan aiki guda.

Ba abin mamaki ba ne ɓuntu ya mamaye wurin. A nan Birnin Kebbi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Bankin Najeriya a Nuwamban 2015. A 2017 aka buɗe kamfanin shinkafa na WACOT a Argungu, ga na Labana a cikin Birnin Kebbi, ban da ƙananan injinan casa da ke kusan kowace unguwa. Idan aka auna shanshera, wajen kashi ɗaya cikin biyar na nauyinta ɓuntu ne. Dabba ba ta ƙaruwa da shi, ba ya kuma ruɓewa da wuri. Manyan kamfanoni sukan ƙona shi su tafasa ruwan turara shinkafa, amma na bayan ƙananan injina sai ya yi tsibi, a cinna masa wuta ya kwana yana hayaƙi.

Masu son mayar da shi gawayin girki su suka fi shan wahala, kuma aikinsu ya fi daɗin kallo. Za su cika duro da ɓuntu, su kunna wuta, su rufe bakin don kada iska ta shiga da yawa, saboda so suke ya yi baƙi ba tare da ya zama toka ba. Idan ya huce sai su niƙa, su tankaɗe, su kwaɓa da kokon sitaci. Daga nan a ɗura cikin guntayen bututu, wani ya kama hannun jak yana bugawa har ruwa ya fara tsattsafowa ta ƙasa. Curin da ya fito a jera shi a kan langa-langa. A watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafi ke haura maki 40, rana kaɗai ta isa ta busar da shi. Sannan gwaji: a saki curi ɗaya daga tsayin kafaɗa a ga ko zai wargaje, a ɗora ruwa a tukunya a duba agogo. Sitaci ya yi kaɗan, curin ya farfashe a hannu. Ya yi yawa, kuɗinsa ya wuce na itace. A tsakanin waɗannan biyun binciken yake.

Ɗaliban sashen gini kuwa tokar suke nema. Fiye da kashi 80 cikin 100 na tokar ɓuntu sinadarin silika ne, dangin abin da ke cikin yashi, kuma idan aka ƙona shi yadda ya kamata yana iya maye gurbin wani ɓangare na siminti, kamar kashi 10 zuwa 20. Sharaɗin shi ne zafin wutar kada ya zarce maki 700 da yawa, domin idan ya zarce, silikar takan daskare ta daina haɗuwa da siminti. Suna zuba kankare a ƙananan akwatuna, su jiƙa a ruwa, su murƙushe da inji bayan kwana 7, 14 da 28. A nan nake jin tausayinsu. Wanda ba shi da tanda mai ma'aunin zafi, a duro zai ƙona tokarsa, ta yau daban ta gobe daban, kuma alƙalumman da zai rubuta za su riƙa tsalle ba don ya yi lalaci ba. Ranar da babu wutar lantarki kuwa, sai an haɗa kuɗin man janareta kafin inji ya tashi, abin da ya ƙara nauyi tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023.

Masu buƙatar wannan aiki ba su da nisa. Tafiyar kusan awa guda ce zuwa Argungu, inda mata masu gumi, wato masu turara shinkafa, suke wuni a gaban manyan tukwane, idanu jajur saboda hayaƙi, riba kuma tana tafiya wajen mai itace. Duniya ta san garin da bikin kamun kifi, wanda aka faro a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado a 2016. Amma sauran ranakun shekara, Sarkawa banda suke yi don kada kifin ya lalace kafin ya kai kasuwa, ita ma bandar itace take ci. Shi ya sa ba a rasa ɗalibin da zai ƙera tandar banda ko akwatin busar da kifi da zafin rana.

Abin da ke damuna shi ne inda aikin yake tsayawa. Ranar kare bincike ɗalibi zai sa kaftaninsa mai kyau, ya amsa tambayoyin Malam, a ba shi maki, a ɗinke littafin da baƙin bango a ajiye a kanta. Injin kuma a bar wa rana da ruwan sama. Badi wasu su zo su faro daga tushe. Ga shi tambayoyin da suka fi muhimmanci ba a ɗakin gwaji ake samun su ba. Gawayin ɓuntu yana da toka da yawa, tana toshe murhu ta danne wutar. Ɗalibi da ƙaramar tukunyarsa ba zai ji zafin wannan ba, amma mai gumi za ta gane kafin ruwanta ya tafasa, ta ce masa, ɗana, wannan ba zai kai ni yamma ba. Za ta kuma tambayi nawa ne, ta gwada da kuɗin daurin itace.

Ni a ganina gyaran ba ya buƙatar sabon gini. A bar inji ɗaya a hannun aji uku a jere, kowanne ya gyara abin da na baya ya gano. A sa sharaɗi cewa kafin a ba da maki sai an kai abin gidan mai gumi ko bakin gulbi ya yi mako yana aiki, a rubuta abin da masu shi suka ce. A haɗa ɗalibai da masu walda na cikin gari, domin su ne za su iya ƙera guda ashirin idan ɗayan ya yi kyau. Daga kuɗin bincike da TETFund ke bai wa manyan makarantu kuma, a ware na tanda ɗaya mai ma'aunin zafi da sashen gini da na injiniya za su riƙa amfani da ita tare.