Ɗan Aike Da Rumbu: Abin Da Yaronka Yake Koyo A Ajin Kwamfuta

A ƙasar Daura yau, daga birni har Zango da Baure da Sandamu da Mai'aduwa, da wuya ka sami gida mai ɗan sakandare wanda maganar kwamfuta ba ta shiga ba. Tun shekara ta 2015 jarrabawar shiga jami'a ta hukumar JAMB ta koma kan na'ura, aka bar takarda da fensir. A 2019 aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura, a watan Disamba na wannan shekara kuma aka aza harsashin Jami'ar Sufuri. Saboda haka iyaye da yawa suna matse bakin aljihu, wasu har su sayar da akuya ko buhun gero, domin su biya wa yaro kuɗin koyon kwamfuta.

Amma ga abin damuwa. Idan yaro ya dawo gida ya ce, "Baba, yau mun fara rubuta manhaja," sai uban ya kaɗa kai kawai, gama ba shi da hanyar sanin ko yaron koyo yake yi, ko kuwa kwafe aikin wani yake yi. Manhaja dai jerin umarni ce da mutum yake rubuta wa kwamfuta, daki daki, domin ta yi wani aiki. Akwai abubuwa biyu da kowane ɗan koyo yake tararwa tun a makonnin farko. Uba ko uwa da suka gane su za su iya auna yaronsu, ko da ba su taɓa taɓa na'urar ba.

Na Farko: Ɗan Aike

Masu wannan sana'a suna da wani abu da suke kira fankishan. Mu a nan za mu ce da shi ɗan aike, gama halinsu ɗaya. Ɗan aike yana da suna. Kana kiransa, ka ba shi saƙo, ya tafi ya yi aikin, ya komo maka da amsa. Haka nan mai rubuta manhaja yakan ware wani ɗan aiki guda, ya rubuta yadda ake yinsa sau ɗaya tak, ya raɗa masa suna. Daga nan duk lokacin da ya bukaci aikin, sunan kaɗai zai kira.

Ga misali a cikin Python, ɗaya daga cikin harsunan kwamfuta da aka fi koya wa masu farawa. Wani mutumin ƙasar Holan mai suna Guido van Rossum ne ya fito da shi a 1991, kyauta kuma ake samunsa. A ce ma'ajin ikkilisiya yana so na'ura ta riƙa fitar masa da ushiri, watau kashi ɗaya cikin goma. Sai a rubuta:

def ushiri(kuɗi):
    return kuɗi / 10

Layi na farko yana cewa, ga ɗan aike mai suna ushiri, abin da za a ba shi kuma kuɗi ne. Layi na biyu yana cewa, ka raba kuɗin gida goma ka komo da kashi ɗaya. Idan aka kira shi aka ba shi 45,000, zai komo da 4,500. Gobe aka ba shi 8,000, zai komo da 800. Ku lura kuma, da Hausa muka raɗa sunayen, har da ɗ mai ƙugiya, Python kuwa yana karɓa.

Me ya sa ake wannan wahala? Domin idan mutum ya rubuta lissafi ɗaya a wuri ashirin, ran da ya ga kuskure sai ya bi wuri ashirin yana gyara, ya kuwa manta ɗaya. Amma idan ɗan aike ne, wuri guda zai gyara. Har wa yau, babban aiki yakan yi sauƙi idan aka rarraba shi. Mu tuna da Musa a Littafin Fitowa sura 18, yadda ya zauna shi kaɗai yana yi wa jama'a shari'a tun safe har yamma. Surukinsa Yetro ya ba shi shawara ya naɗa amintattun mutane a kan dubu dubu, da ɗari ɗari, da hamsin hamsin, da goma goma, su riƙa yanke ƙananan ƙararraki, manyan kaɗai su iso gare shi. Manhaja mai kyau haka ake gina ta. Kowane ɗan aike da aikinsa guda, wanda ya iya sarai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na Biyu: Rumbu

Ba kowane ɗan aike ne yaro zai rubuta da kansa ba. Duk wanda ya sa Python a na'urarsa, yana zuwa tare da tarin 'yan aike da gwanaye suka riga suka rubuta, aka gwada su shekara da shekaru. Ana ce da wannan tari laburare, mu kuwa za mu ce rumbu. An kasa shi ɗaki ɗaki, fiye da ɗaki 100. Akwai math na lissafi, da datetime na ranaku da sa'o'i, da calendar na kalanda, da statistics na ƙididdiga. Kalmar import ita ce mabuɗin kowane ɗaki.

Malami yana neman matsakaicin makin ɗalibi a ƙarshen zango? Ya buɗe statistics, ya ba ɗan aike mai suna mean maki 60 da 72 da 45 da 83, zai komo da 65. Zumuntar mata suna so su jera sunayen masu kwasar adashi ba tare da son kai ba? A ɗakin random akwai shuffle, wanda yake cakuɗa sunaye kamar an jefa ƙuri'a. Kana so ka san ranar da aka kafa Jihar Katsina, 23 ga Satumba 1987, wace rana ce a mako? Ɗakin datetime zai nuna maka Laraba ce.

Wannan dabara ta daɗe. A 1949 malaman Jami'ar Kambirij a Ingila suka tayar da wata babbar na'ura mai ƙwaƙwalwa da ake kira EDSAC. Da suka ga kowa yana maimaita lissafi iri ɗaya, sai David Wheeler da abokan aikinsa suka riƙa huda ƙananan ayyukan a kan dogayen takardu kamar zare, suna ajiyewa a kabad. Mai bukata ya ɗauko, ya haɗa da nasa. A 1952 kuma wata mace a Amurka, Grace Hopper, ta shirya hanyar da na'ura da kanta za ta riƙa ɗauko irin waɗannan ayyuka idan an kira lambarsu. Iyayen da suke ganin wannan karatu na maza ne kaɗai, su riƙe sunan matar nan.

Waɗansu yara sukan ji kunyar shiga rumbu, suna tsammani gwani shi ne wanda ya yi kome da hannunsa. Wannan girman kai ne, yana kuma jawo asara. Ɗauki shekara mai kwana 366. Kowane ɗan firamare zai ce duk shekara huɗu take zuwa. Amma bisa kalandar da muke bi, wadda aka gyara a 1582, shekarar da ta ƙare da sifiri biyu ba ta samun ƙarin kwana sai idan 400 ya raba ta daidai. Shi ya sa 2000 ta samu, 1900 ba ta samu ba, 2100 ma ba za ta samu ba. Yaron da ya rubuta nasa da gaggawa zai yi tuntuɓe a nan. Ɗan aike mai suna isleap a ɗakin calendar kuwa ya riga ya san duk wannan.

Mutumin Daura ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan. Rijiyar Kusugu tana nan tun zamanin kakannin kakanni, waɗanda suka haƙa ta kuwa ba su san fuskar masu zuwa bayansu ba. Ubangijinmu Yesu ma, da ya gaji da tafiya a ƙasar Samariya, a bakin rijiyar Yakubu ya zauna ya roƙi ruwa, kamar yadda Yohanna sura 4 ta nuna. Shan ruwan rijiyar da wani ya haƙa ba abin kunya ba ne. Abin da ya wajaba shi ne godiya, da kuma duba abin da guga ya ɗebo.

A Yi Aro Da Ido A Buɗe

Gama ɗan aike abin da aka tsara masa yake yi, ba abin da kake nufi a zuciyarka ba. Python yana da wani mai suna round, wanda yake mai da lamba mai ɓurɓushi cikakkiya. A makaranta muna koya wa yara cewa 44.5 ta zama 45. Amma round zai komo da 44, domin ƙa'idarsa ita ce, idan lamba ta tsaya daidai tsakiya, ya karkata wajen wadda biyu take rabawa. To, a ce 45 ne makin cin darasi. Yaro ya rubuta wa makarantarsu manhajar fitar da sakamako bai bincika ba, ga ɗan wani ya faɗi a banza. Na'ura ba ta yi ƙarya ba, mai aron ne bai karanta bayanin abin da ya ara ba.

A nan ne bambanci yake tsakanin aro da sata. Rumbun Python an bayar da shi ne domin kowa ya ɗiba. Amma yaron da ya kwafe aikin gida na abokinsa, ko ya sa ɗaya daga cikin sababbin manhajojin nan irin ChatGPT ta rubuta masa, ya miƙa wa malami a kan nasa ne, ya yi shaidar zur. Kansa kuma ya cuta, gama ran da aka ɗauke shi aiki abin ya lalace, ba zai san inda zai taɓa ba. Kayan aro ba ya rufe katara.

Ga Iyaye

Idan ɗanku ko 'yarku ta nuna muku abin da ta rubuta, ku zauna ku yi mata tambaya uku. Wannan ɗan aike, me ake ba shi, me kuma yake komowa da shi? Wanne ne kika rubuta da kanki, wanne kika ɗauko daga rumbu? Kin gwada shi da lissafin da muka riga muka san amsarsa? Ku ba ta lambar da ku kanku kuka iya, kamar ushirin 1,000. Wadda ta gane za ta amsa da Hausa mai sauƙi. Wadda ta kwafa za ta yi ta kame-kame.

Kada kuma rashin abin hannu ya karya muku gwiwa. Rumbun yana aiki ko babu intanet, akwai kuma manhajojin da suke sa Python a wayar hannu ta Android. Ran da babu wuta, yaro yana iya rubuta 'yan aikensa a littafi, ya bi su da fensir layi layi.

Allah ya ba 'ya'yanmu tawali'un karɓar abin da magabata suka tanada, da amincin faɗin abin da yake nasu da wanda ba nasu ba. Ya sa kuma wata rana su ma su zuba nasu a rumbu, domin na baya su ɗiba. Amin.