Yadda Ake Rushe Dogon Bene Ba Tare da an Rasa Rai Ba

A watan Yunin 2023, lokacin da gwamnatin Kano ke rusau, an rushe gine-ginen da ke filin tsohon otal ɗin Daula. Matasa suka yi dafifi suna cire rodi, sai wani sashe da bai gama faɗuwa ba ya rufto musu. Me ya sa ginin da aka rushe rabi ya fi haɗari?

Amsar tana cikin yadda bene ke ɗaukar nauyinsa. Dekin yana sauke nauyi a kan ginshiƙai, su kuma su kai shi ga harsashi. Kankare yana jure danni, amma ba ya jure ja, shi ya sa ake saka masa rodi. Kankaren da faɗinsa, tsawonsa da tsayinsa duk mita ɗaya ne ya kai kusan tan 2.4. To ka ga duk wanda ya yanke rodi a ƙasa, igiyar da ke riƙe da wannan nauyi a samansa ya tsinke.

Saboda haka injiniyoyi kan fara daga sama, hawa-hawa, su bar ginshiƙai zuwa ƙarshe. Kafin nan sai an katse wuta da ruwa, an duba bangon maƙwabta, an killace wurin. Ana kuma fesa ruwa, domin ƙurar kankare na ɗauke da silika, mai lalata huhu a hankali.

Akwai kuma amfani da nakiya, inda ake fasa ginshiƙai bi da bi don ginin ya zube a mazauninsa. A ranar 28 ga Agustan 2022, an rushe tagwayen benaye masu tsayin kusan mita 100 a Noida ta Indiya da nakiya kilo 3,700. Cikin 'yan daƙiƙoƙi suka zube, amma an shafe watanni ana shiri, kuma an kwashe mazauna unguwar kusan 5,000.

Ko bene mai hawa ɗaya za a rushe a Gumel ko Gagarawa, ƙa'idar ɗaya ce. A nemo injiniya mai rajista da COREN, a sanar da maƙwabta, kuma kada a tashi aiki a bar bango ko dekin yana lilo. Idan katafila ta tafi, a bar shinge da mai gadi har sai an kwashe ɓaraguzan, domin a lokacin ne yara da 'yan jari-bola ke shigowa.