Da Muguwar Rawa Gara Ƙin Tashi: Ƙa'idojin Ɗaukar Marasa Lafiya A Jirgi Mai Saukar Ungulu

TUN daga ran 1 ga watan Oktoba na 1996 da aka ƙirƙiro Jihar Gombe, birnin Gombe ya zama matattarar marasa lafiya daga ƙananan hukumomi 11 na jihar, har ma da jihohin da ke maƙwabtaka da ita, musamman saboda Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke cikinsa. Direban da ya yi haɗari a hanyar Yola, da matar da haihuwa ta zo mata da gardama a Nafaɗa ko Dukku, da manomin da kububuwa ta sara a Shongom ake neman kai shi asibitin saran maciji na Kaltungo, dukkansu babban abokin gabarsu shi ne nisan hanya.

Wannan ne ya sa jama'a kan yi ta fatan ganin jirgi mai saukar ungulu, watau helikwafta, yana ɗaukar irin waɗannan bayin Allah. Irin wannan jirgi yakan ci kilomita 200 zuwa 250 cikin sa'a guda, saboda haka tafiyar Kaltungo zuwa Gombe ba za ta wuce masa kamar minti 20 ba. Sai dai kuma aikin yana cikin mafi hatsarin ayyukan sufurin sama, domin ana tashi ne cikin gaggawa, a sauka a inda ba filin jirgi ba, sau da yawa kuma cikin dare. In ba a bi ƙa'ida ba, garin ceton rai guda sai a yi asarar huɗu ko biyar.

Asalin Ƙa'idojin

A yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953 ne aka fara yawaita kwashe sojojin da suka ji rauni da irin wannan jirgi. Daga baya aikin ya shigo cikin farar hula. Jamus ta Yamma ta ƙaddamar da nata a birnin Munich ran 1 ga watan Nuwamba na 1970, wani asibiti a birnin Denver na Amurka kuma ya bi sahu a 1972.

Yawancin ƙa'idojin da ake bi a yau sai da aka yi asarar rayuka sa'an nan aka kafa su. A 2008 kaɗai mutum 29 suka mutu a Amurka cikin haɗurran jiragen ɗaukar marasa lafiya. Bayan dogon bincike, a 2014 hukumar sufurin sama ta ƙasar ta tilasta wa kamfanoni sanya na'urar da ke gargaɗin matuƙi in ya doshi dutse ko tudu, da na'urar auna tazarar jirgi da ƙasa, kana kuma a riƙa auna hatsarin kowace tafiya a rubuce kafin a tashi.

A nan Nijeriya ma aikin ba baƙo ba ne. Dokta Ola Orekunrin ta kafa kamfanin Flying Doctors Nigeria a 2007, sojojin sama kuma sun daɗe suna kwaso waɗanda suka ji rauni daga bakin daga. An kuma ɗanɗana ɗacinsa. Ran 14 ga watan Agusta na 2023 wani jirgin sojan sama ƙirar Mi-171, wanda ya tashi daga Zungeru ɗauke da sojojin da aka raunata zai kai su Kaduna, ya faɗi kusa da ƙauyen Chukuba na Ƙaramar Hukumar Shiroro a Jihar Neja.

Kafin A Tashi

Ma'aikatan jirgin galibi uku ne ko huɗu: matuƙi, wani lokaci da mataimakinsa, sai likita da ma'aikacin jinya. Doka ta farko a tsakaninsu ita ce ba a tashi sai kowa ya amince. In mutum guda daga cikinsu ya ce hankalinsa bai kwanta ba, ko da shi ne ƙarami, to, an fasa, ba kuwa za a tuhume shi ba. Haka nan in an riga an tashi yanayi ya sauya, kowa na da ikon ya ce a juya.

A wurare da yawa ba a gaya wa matuƙi ko wane ne marar lafiyar, ko irin halin da yake ciki, sai bayan ya yanke shawara. Hikimar ita ce, in aka ce masa yaro ne ke zubar da jini, ko wani babban mutum ne, tausayi ko nauyin ido na iya sa ya tashi cikin yanayin da bai kamata ba. Abin da ake faɗa masa shi ne inda za a je, da nauyin da za a ɗauka. Shi kuma ya duba rahoton hukumar NiMet mai kula da yanayi, da yawan man da ke cikin tanki har da na ko-ta-kwana, da lafiyar jirgin, da kuma lafiyar kansa, watau ko ya sami isasshen barci.

Wata mummunar ɗabi'a da masana ke gargaɗi a kanta ita ce, in matuƙi guda ya ƙi tashi saboda yanayi, sai masu neman jirgi su buga wa wani waya ba tare da sun gaya masa an riga an ƙi ba. Hazon da ya hana na farko tashi yana nan yana jiran na biyun.

Bugu da ƙari akwai batun tsaro. A Yuli na 2020 harsasai suka sami wani jirgin Majalisar Ɗinkin Duniya a Damasak ta Jihar Borno, ko da yake ya samu ya koma Maiduguri. Don haka a Arewa maso Gabas sai an tuntuɓi jami'an tsaron wurin da za a sauka kafin a kama hanya.

Ƙura Da Hazo

A ƙasar Gombe da makamantanta, ƙura ce babbar barazana, kuma ta fuska biyu take zuwa. Ta farko ita ce hazon hunturu, daga Nuwamba zuwa wajen Fabrairu, wanda wani lokaci kan hana a hango abin da ke kilomita guda. Matuƙin da ya daina ganin ƙasa da sararin sama, jikinsa yakan yaudare shi, ya ji kamar jirgin a miƙe yake alhali ya karkata. In ba ya da horon tuƙi da na'ura zalla, cikin ɗan lokaci kaɗan sai jirgin ya kuɓuce masa. Irin wannan ruɗewa ce, cikin dare da ruwan sama, masu bincike suka ce ta jawo haɗarin da ya kashe shugaban rukunin kamfanonin Access, Herbert Wigwe, a Kalifoniya ran 9 ga watan Fabrairu na 2024. Ga shi kuwa Gombe ƙasa ce mai duwatsu, kamar Dutsen Bima da tsaunukan Tula, ga manyan wayoyin lantarki da suka taso daga Jos suka nufi Yola da Damaturu.

Fuska ta biyu ita ce ƙurar da jirgin ke tayarwa da kansa. Ran 2 ga watan Fabrairu na 2019 jirgi ƙirar AW139 da ke ɗauke da Mataimakin Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, Farfesa Yemi Osinbajo, ya zo sauka a filin wasa na Kabba ta Jihar Kogi. Yana kusantar ƙasa sai iskar farfelarsa ta tayar da ƙura ta lulluɓe shi, matuƙan suka daina ganin komai, jirgin ya bugi ƙasa ya kife ta gefen dama. Allah Ya sa mutum 12 da ke ciki suka fita da rai. Hukumar binciken haɗurran jiragen sama ta ambaci rashin shirya wurin sauka yadda ya kamata, da rashin auna hatsari tun da farko, cikin dalilan haɗarin. Duk filin makaranta ko filin Idi da ke ƙasar Gombe lokacin rani yana iya zama kamar na Kabba.

Zafin bazara ma yana da nasa sharrin. A Maris da Afrilu, sa'ad da zafi kan kai digiri 40, iska takan yi sakayau, ƙarfin jirgin na ɗaukar kaya ya ragu. Shi ya sa matuƙi kan ce ba za a hau da ɗan'uwan marar lafiya ba. A al'adar Hausawa da Fulani wannan abu ne mai ciwo, domin ba a saba barin majinyaci shi kaɗai ba, amma ba wulaƙanci ba ne, lissafin nauyi ne.

Aikin Mutanen Gari

Rabin tsaron jirgin yana hannun waɗanda ke ƙasa. Ana bukatar fili shimfiɗaɗɗe, kamar mita 30 tsawo da mita 30 faɗi, wanda babu itatuwa ko falwaya ko wayar wuta kusa da shi. Wayoyi ne suka fi hatsari, domin daga sama ba a cika ganinsu ba, saboda haka wajibi ne a sanar da matuƙi inda suke. A yayyafa wa filin ruwa sosai, a kwashe leda da tabarmi da kwanon rufi da duk abin da iska za ta iya ɗauka, a kore shanu da awaki, a tsare yara can nesa. Cikin dare a haska filin da fitilun mota daga gefe, kada a dalle idon matuƙi da tocila.

Bayan jirgi ya sauka ba wanda zai matso sai matuƙi ya yi masa alama. A tunkare shi ta gaba ko ta gefe inda matuƙi ke gani, a sunkuye, ba tare da ɗaga sanda ko wani dogon abu sama ba. Kada a kuskura a bi ta baya, domin ƙaramar farfelar wutsiya tana juyawa da saurin da ido ba ya ganinta, kuma wanda ta sara da wuya ya tashi. In filin gangare ne, a zo ta ɓangaren ƙasa. A cire hula, a ɗaure mayafi da babbar riga, kuma abin da iska ta ɗauke kada a bi shi. Ba a shan taba kusa, saboda mai da tukunyar iskar oksijin.

A Cikin Jirgi

Cikin jirgin ƙunci ne da ƙara, har likita ba ya iya sauraren ƙirjin majinyaci da abin saurare. Don haka a ƙasa ake gama muhimmin aiki: a tsayar da jini, a sa ƙarin ruwa, a tabbatar da hanyar numfashi. Iskar da ta maƙale cikin jiki takan kumbura in an yi sama, saboda haka wanda iska ta taru masa a ƙirji bayan haɗari sai an sa masa bututun fitar da ita tukuna. A ɗaure majinyaci a gadonsa, a ɗaure kowace na'ura, a toshe masa kunne.

Lokacin tashi da sauka kuwa ba a hira. Likita da ma'aikacin jinya sukan zama ƙarin idanun matuƙi, suna leƙen waya da tsuntsaye da mutane, duk wanda ya ga abu ya faɗa nan take.

Abin Da Ya Rage Ga Hukuma

Sayen jirgi shi ne mafi sauƙi cikin wannan al'amari. Filin jirgin sama na Lawanti yana wajen gari ne a kan hanyar Bauchi, saboda haka majinyacin da aka sauke can sai ya sake shiga mota. Ya kamata manyan asibitocin Gombe da na Kaltungo su kasance da dandamalin sauka na siminti mai fitilu, kowace ƙaramar hukuma kuma ta keɓe fili guda da aka auna aka rubuta. A horar da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da jami'an kiyaye haɗurra da masu unguwanni yadda ake tarbar jirgi. A kuma riƙe motocin ɗaukar marasa lafiya da kyau, domin a ranar hazo su ne za su yi aikin.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi wuya, shi ne manya su saba da jin "a'a" daga bakin matuƙi. Ranar da ya ce ba ya tashi, abin da ya dace da gwamna da sarki da attajiri da dangin marar lafiya shi ne su nemi mota nan da nan, su kama hanya.