Inuwa a Fadar Miknas, Inuwa a Gonakin Cadakori

A ƙasar Maroko, cikin tsohon birnin Miknas, akwai wani lambun sarakuna wanda ya haura shekara 300, wanda a yau aka mayar da shi filin wasan golf. Baƙi daga ƙasashe dabam-dabam suna zuwa ziyararsa, waɗansu domin su buga wasa, waɗansu kuwa domin su ba idonsu abinci kawai. Labarin wannan wuri ya cancanci a kawo ma jama'ar jahar Maraɗi, musamman manoman Cadakori da maƙwabtansu na Agye da Gazawa, domin dukiyar da ake taƙama da ita a can, wato itatuwa da inuwarsu, ita ce wadda su ma suka yi shekara 40 suna reno a gonakinsu.

Mene ne wasan golf?

Golf wasa ne da ya samo asali daga Sikotilan, wadda ke arewa da Ingila. Ya daɗe ƙwarai, domin tun a shekara ta 1457 sarkin ƙasar ya hana shi, saboda ya ɗauke hankalin samari daga koyon harbi da baka. Ƙwallon da ake bugawa fari ne, mai tauri, girmansa kamar ƙwan zabo. Ɗan wasa yana buga shi da sanda mai lanƙwasasshen kai, kuma doka ba ta yarda ya ɗauko sanda fiye da 14 cikin jakarsa ba. Abin da ake nema shi ne a kai ƙwallon cikin wani ɗan rami wanda faɗin bakinsa bai cika santimita 11 ba, wanda an kafa masa tuta domin a hango shi daga nesa. Wanda ya gama dukan ramuka da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Cikakken fili yana da rami 18, kuma yakan cinye ekta 50 ko fiye. Ƙaramin fili kuwa rami 9 gare shi.

Filayen farko a bakin teku suke, kan tudun rairayi inda iska ke kaɗawa, babu itace ko ɗaya. Daga baya, da wasan ya samu karɓuwa wajen masu hali, sai aka shiga buɗe filaye cikin gandayen tsofaffin fadoji, inda manyan itatuwa ke tsaye jefi-jefi bisa shimfiɗar ciyawa. Irin wannan fili shi ake kira filin gandu. Turawan Ingila sun kawo wasan har Kano da Kaduna zamanin mulkin mallaka, amma da yake ruwa bai wadata ba, sai suka riƙa daɓe kewayen ramin da yashi cuɗe da mai a madadin ciyawa.

Shiga lambun sarki

Miknas tana da nisan kilomita 60 daga birnin Fas. Sarki Mulai Isma'ila, wanda ya yi mulki daga 1672 zuwa 1727, shi ya mayar da ita babban birnin daularsa. Ya yi shekara 55 bisa gado, kuma kusan dukansu gini yake yi: fadoji, masallatai, ƙofofi da ganuwa cikin ganuwa, duka da jar ƙasa da farar ƙasa da aka daddaɓe. Tarihi bai ɓoye ba cewa da guminsu bayi da fursunoni da talakawan da aka tilasta suka ɗaga wannan gini, kuma ƙarfin sarkin ya dogara ga rundunar baƙaƙen bayi da ake kira Abidul Buhari, domin da littafin hadisan Buhari suke rantsuwar biyayya. A shekara ta 1996 hukumar UNESCO ta sa birnin cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Baƙon da ya nufi filin golf yakan bi wata doguwar hanya tsakanin manyan garu biyu, har ya isa ƙofar da ake kira Bab Belkari. Da ya wuce ta, sai hayaniyar kasuwa da ƙurar motoci su ɗauke. Abin da zai tarar shi ne lambun Baharawiyya, wurin shaƙatawar iyalin sarki a zamanin da. Ciyawa kore shar, an aske ta kamar da aska. Itatuwan lemu, zaitun da dabino suna tsaye a gefen hanyar ƙwallo. Ganuwa kuma ta kewaye wurin ta kowane ɓangare. A bisa garun, waɗansu manyan tsuntsaye ƴan uwan shamuwa sukan yi sheƙa, kuma ba mai taɓa su.

Sarki Hasan na Biyu, wanda ya mulki Maroko daga 1961 zuwa 1999, mai son golf ne matuƙa, kuma a zamaninsa aka mayar da lambun filin wasa mai rami 9. An sa masa fitilun lantarki domin a iya wasa da dare. Ƴan wasa suna tafe sannu a hankali, biyu-biyu ko huɗu-huɗu, masu ɗaukar jakar sanduna na biye da su. Ladabin wasan ya hana magana lokacin da wani zai yi bugu, kuma duk wanda sandarsa ta ɓantare ciyawa wajibi ne ya mayar da ita ya taka. Itatuwan nan kuwa suna cikin dabarun wasan, domin wanda ya karkace bugu ƙwallonsa ya faɗa bayan gindin zaitun, sai ya yi asarar bugu ɗaya ko biyu kafin ya fito.

Rumbu da tabki

Wanda ya kalli ciyawar ya koma gida bai ga rabin labarin ba. Ba da nisa da lambun ba akwai wani gini da ake kira Huri Suwani, wato rumbunan sarki. Bangonsu kauri gare shi ƙwarai, domin hatsi ya zauna cikin sanyi shekara da shekaru ba tare da ya lalace ba. A cikin ginin akwai rijiyoyi masu zurfi, inda dabbobi ke juya wani babban gargare mai ɗauke da tuluna yana jawo ruwa. Kusa da shi kuma ga wani tabki da aka gina da hannu, tsawonsa wajen mita 320, faɗinsa wajen mita 150. Girgizar ƙasa ta shekara ta 1755 ta rushe rufin wani sashe na rumbunan, amma ginshiƙansu na nan tsaye.

Mulai Isma'ila ya san cewa birni ba ya jure ma yaƙi ko fari sai da hatsi a rumbu da ruwa a ajiye. Ruwan saman da ke sauka a Miknas a shekara bai fi na Maraɗi da wani abin kirki ba, wajen milimita 500 ne, sai dai nasu da sanyi yake zuwa, kuma lokacin zafi ƙasa takan bushe ƙayau. Saboda haka duk korewar da baƙo ke gani ta ban ruwa ce. Yau wannan ya zama abin muhawara a Maroko. Ƙasar ta sha fari shekaru a jere, har a 2022 hukuma ta hana shayar da filayen golf da lambunan ado da ruwan sha. A birnin Marrakesh, da ruwan ƙazanta wanda aka tace ake shayar da filayen.

Ke nan abu biyu suka raya lambun Miknas: ruwa da aka tanada, da ganuwa wadda ta tsare itace daga gatari da baƙin akuya.

Gandun da ba shi da ganuwa

Sarakunan ƙasar Hausa ma sun san darajar tsaron itace. Ana ba da labari cewa Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya gina ganuwar birninsa a ƙarni na 19, ya kafa doka mai tsanani bisa duk wanda ya sare gawo. Amma zamanin Turawa da bayansa, dokar gandun daji ta ɗauki manyan itatuwa a matsayin dukiyar gwamnati, ko da a tsakiyar gonar mutum suke. Manomi ya ga itacen da ba nasa ba ne ba ya jawo masa kome sai tara, sai ya riƙa sassabe shi tun yana toho, ya tara ya cinna wuta. Da farin 1973 da na 1984 suka zo, gonaki da yawa na jahar Maraɗi sun zama fili fetal. Iska ta riƙa binne shuka da rairayi, har manomi ya yi shuka biyu ko uku cikin damana ɗaya, mata kuwa suna yin doguwar tafiya neman itacen girki.

A shekara ta 1983 wani malamin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa ƙananan sabara da kalgon da ake sassabewa kowace shekara kututture ne na tsofaffin itatuwa, waɗanda saiwarsu ke raye cikin ƙasa. Dabarar da aka yaɗa daga nan ita ake kira sassaben zamani. Manomi ya zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture, ya sare sauran, ya riƙa yi masu aski kowace shekara. Ba sayen iri, ba ban ruwa, ba shinge. Lauje ko gatarin da ke hannunsa ya isa.

Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an raya wajen ekta miliyan 5 a jahohin Maraɗi da Damagaram, da itatuwa kimanin miliyan 200. A ƙauyen Ɗan Saga na yankin Agye, jama'a sun kafa kwamitocin tsaro, da maza da mata da makiyaya a ciki, domin hana saran dare. Wanda ya bi hanyar Tibiri zuwa Cadakori da rani zai ga gawo, aduwa, magarya da kalgo tsaye jefi-jefi cikin gonaki. Masana aikin gona suna kiran irin wannan ƙasa da sunan gandu, sunan da masu golf ke kiran nasu fili.

Sai dai amfanin ba ɗaya ba ne. Gawo yana zubar da ganye da damana, don haka ba ya tsare ma hatsi rana, kuma ganyen ya zama taki a gindinsa. Da rani ya yi kore, ƴaƴansa su ciyar da awaki da tumaki lokacin da ciyawa ta ƙare. Aduwa ta ba da ƴaƴa da mai, magarya ta ba da abin kai kasuwa, rassan da aka sare kuma su shiga murhu.

Abin da ya rage ma jama'a da hukuma

Tsarin dokar karkara na 1993 ya fara gyara matsayin manomi, sannan a 2020 gwamnati ta fitar da doka wadda ta tabbatar masa da haƙƙin itacen da ya rena a gonarsa. Amma takarda ba ta tsaron gona. Har yanzu ana samun masu sassake gawo da dare, kuma gonaki suna ƙara tsukewa saboda rabon gado. Wajibi ne ma'aikatan gandun daji, masu gari da sarakunan gargajiya su bayyana ma talakawa wannan doka da harshen da suke ji, su kuma tsaya ma manomin da aka yi ma ɓarna. Waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci suna da babban rabo cikin aikin, domin su ne za su iya rubuta yawan itatuwan kowace gona da dokokin da gari ya shirya, yadda gardama ba za ta tashi gobe ba.

Lambun Miknas ya kai yau domin sarakuna sun gaji tsaronsa ɗaya bayan ɗaya, kuma ƴan kaɗan ne ke shan inuwarsa. Na Cadakori kuwa gari duka ke mora, ganuwarsa kuma ita ce yardar maƙwabta da adalcin hukuma. Hausawa sun ce itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sassaben bana yana tafe. Allah ya ba da damana mai albarka, amin.