Wa Ya Kashe Mutumin Cikin Ƙanƙara?

Ran 19 ga watan Satumba, 1991, waɗansu Jamusawa biyu, miji da mata, suna saukowa daga duwatsun Alps da ke kan iyakar Ostiriya da Italiya, sai suka yi kiciɓis da gawar mutum kwance rub da ciki a wani kwazazzabo, kansa da bayansa a waje, sauran jikin ƙanƙara ta riƙe. Bisan wurin ya kai mita 3,210. Su da 'yan sanda duka sun ɗauka wani mai hawan dutse ne na zamanin nan ajali ya tarar a can. Saboda haka aka shiga fid da shi da gaggawa, har injin fasa dutse ya ɓarke masa kwankwason hagu, aka kuma karya dogon bakan da ke kusa da shi.

Sai da aka kai gawar Innsbruck, wani masanin kayan tarihi, Konrad Spindler, ya dubi gatarin da aka tsinta tare da ita, ya ce wannan mutum ya yi aƙalla shekara 4,000 da mutuwa. Da aka auna, sai aka tarar ya kai wajen shekara 5,300. Aka laƙaba masa suna Otzi, daga sunan kwarin Otztal. Awon iyaka kuma ya nuna mita 92 yake cikin ƙasar Italiya, don haka a 1998 aka mai da shi gidan tarihi na birnin Bolzano, inda yake ajiye cikin ɗakin sanyi har yau.

Mutum ne mai kimanin shekara 45, tsawonsa santimita 160, da zane 61 a fatarsa. Yana da gatarin jan ƙarfe, da 'yar wuƙar dutse, da hular fatar dabba, da kwari mai kibiya 14, amma biyu kaɗai aka gama haɗawa. Bakan ma bai gama sassaƙa shi ba. To, me ya kai mai irin wannan shiri ƙolin dutse, kuma me ya yi ajalinsa?

Zancen farko: sanyi ne

Spindler ne ya fara ba da amsa a 1993. A ganinsa makiyayi ne wanda aka kai wa garinsu hari da kaka, ya tsere da karyayyen haƙarƙari, ya hau dutse, gajiya ta kayar da shi, sanyi ya ƙarasa shi, ƙanƙara ta rufe shi nan take. Labarin ya yi daɗin ji, ya shiga littattafai, aka yi ta karantar da shi.

Amma sai hujjojinsa suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Haƙarƙarin dai an gane bayan mutuwa ya karye. Wani masanin tsirrai, Klaus Oeggl, ya sami ƙurar furen wani itace a hanjinsa, itacen kuwa ba ya fure sai an fita daga hunturu. Ashe ba da kaka ya mutu ba. Wannan ƙura ta kuma nuna cewa cikin awa 33 na ƙarshen ransa ya hau dutse, ya sauka can cikin kwari, sa'an nan ya sake hawa. Ruwa ba ya tsami banza. Mai irin wannan kai da kawowa da abin da ya hana shi zama.

Kibiyar da ta ɓuya shekara goma

A 2001 wani likitan ɗaukar hoton ƙashi a Bolzano, Paul Gostner, ya lura da wata 'yar inuwa a kafaɗar hagu. Tsinin kibiya ne na dutse, wanda ya shiga ta baya. Mai karatu ya duba wannan al'amari: shekara goma manyan masana na jujjuya gawar nan, an ɗauki hotuna iri iri, amma kibiyar na nan ba wanda ya gan ta. A 2007 Frank Ruhli na Jami'ar Zurich da abokan aikinsa suka nuna kibiyar ta tsaga babbar jijiyar jini da ke ƙarƙashin ƙashin wuya, tsaga ta milimita 13. Irin wannan rauni ba ya barin mutum ya daɗe.

Bugu da ƙari, an ga sara mai zurfi a hannun damansa, tsakanin babban yatsa da manuni, wanda ya samu 'yan kwanaki kafin mutuwarsa, kamar na wanda ya tare wuƙa. Akwai kuma alamar bugu a kai. Tumbinsa ma sai a 2009 aka gano inda ya maƙale, cike da kitsen akuyar dutse, da naman barewa irin ta Turai, da wata irin alkama. Watau bai fi awa ɗaya ko biyu da cin abinci ya ƙoshi ba aka harbe shi.

Daga nan gidan tarihin ya gayyato Alexander Horn, babban jami'in binciken kisan kai na 'yan sandan Munich. A 2016 ya bayyana ra'ayinsa. Wanda ke gudun ceton rai, in ji shi, ba ya zama ya ci kitse, saboda haka Otzi ya saki jiki ne, yana ganin ya tsira. Maharbin ya laɓo ya sako kibiya daga nisan wajen mita 30. An zare kyauron, an bar tsinin a jiki. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne gatarin, wanda a wancan zamani dukiya ce babba, ga shi ma jan ƙarfensa daga Tuscany ya fito, ɗaruruwan kilomita kudu. Ɓarawo ba zai bar shi ba. Wanda zai bar shi sai mai tsoron a gane gatarin a hannunsa in ya koma gari. Horn ya ce biri ya yi kama da mutum: ramuwar gayya ce kan faɗan da ya jawo saran hannu.

Waɗanda ba su yarda ba

Har yanzu ba a taru a kan magana ɗaya ba. A 2010 Alessandro Vanzetti na Jami'ar Roma ya duba yadda kayan suka warwatsu, ya ce a ƙasa mutumin ya mutu, danginsa suka hau da shi suka yi masa jana'iza ta girma, shi ya sa aka bar gatarin da kiban da ba a gama ba. Waɗansu sun ce yanka ne na tsafi. A 2022 kuma Lars Pilo da waɗansu masana daga Norway da maƙwabtan Alps suka kawo hujja cewa a kan dusar ƙanƙara ya faɗi, da ta narke gawar ta gangara kwazazzabon, ta kuma yi ta bayyana tana rufuwa wajen shekara 1,500. In haka ne, lalacewar kayansa aikin ƙanƙara ce da ruwa, ba ta faɗa ba.

Abin lura a nan, kowace gardama a kan ƙananan abubuwa take tsayawa: ƙurar fure, loma a tumbi, da inda kowane kaya yake kwance. Waɗansu tambayoyin kuwa sun gagara ne domin kwanakin farko an tattake wurin, an ɗaga kaya ba a rubuta mazauninsu ba.

Namu na gida

Mu nan ba mu da ƙanƙarar da za ta ajiye mana gawa. Amma wanda ya tashi daga Sabon Tasha ya bi hanyar Kachia zuwa Kwoi, ƙasar Nok ya shiga, inda masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin yumɓu a 1928. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg wani kan yumɓu a Jos, bayan ya yi shekara yana korar dabbobi a gonar doya. Binciken da Jami'ar Frankfurt ta fara a 2005 tare da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ya nuna mutanen Nok sun soma zama a yankin tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, suna noman gero da wake. A 2021 ma an sami alamar zuma a tukwanensu.

Sai dai ƙasar wurin tana cinye ƙashi. Abin da masana ke ɗauka kabari ne, ba su gane shi sai ta jerin duwatsu, da tukwane, da tsakiyar dutse, kowanne a inda aka ajiye shi. Mai haƙar sata, wanda kan mutum-mutumi kaɗai yake nema don ya sayar, da shebur ɗaya yake share wannan shaida, kuma wurare masu yawa an riga an yi musu haka. Otzi ya jira shekara goma aka ga kibiyarsa domin jikinsa na nan. Ramin Nok da aka birkice ba shi da abin da za a koma a duba.

Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa hukumar gidajen tarihi, ta hana tono ba da izini ba, ta kuma wajabta wa wanda ya tsinci kayan tarihi ya sanar. Ma'aikacin ƙaramar hukuma, da injiniyan hanya, da malamin gona, su ne labari ke fara isa gare su. Abin da ake bukata gare su kaɗan ne: a tsai da aiki, a bar kome a inda yake, a aika wa gidan tarihi da ke titin Ali Akilu. Ɗalibanmu na Kakuri da Barnawa kuwa, gada kawai za su ƙetare su ga aikin mutanen Nok da idonsu. Allah ya sa a cikinsu a sami waɗanda za su iya karanta mana abin da ƙasar nan ta ajiye.