Dutse Ba Ya Ƙarya: Abin da Ɗan Kasuwa Zai Karanta a Jikinsa

Tun da mutane suka fara komawa Khartum da Umdurman don gyaran gidajen da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya lalata, 'yan uwanmu da dama sun koma sana'ar kayan gini: tsakuwa, tayil, dutsen daɓe. Wasu kuma sun daɗe a harkar zinariya da duwatsun zobe. Abin da nake so mu fahimta shi ne, kowane dutse yana ɗauke da labarin haihuwarsa a jikinsa, kuma wanda ya iya karanta labarin nan da wuya a cuce shi.

A can ƙarƙashin ƙasa akwai wuraren da dutse ke narkewa kamar kunu, zafinsa daga digiri 700 zuwa 1,200. Idan ya huce ya daskare, shi ne dutsen asalin wuta. Sirrin yana wajen hucewar. Uwargida ta san man shanun da aka soya: in ya huce a hankali sai ya yi tsaki-tsaki. To, haka dutse yake. Wanda ya kwanta a cikin ƙasa ya yi dubban shekaru yana hucewa, ƙwayoyinsa kan girma har ido ya gan su. Shi ne giranit. Wanda kuwa ya fito sarari iska ta buge shi nan take, ƙwayoyinsa ba sa samun sukunin girma, sai ya fito sumul.

Ba sai mun je nesa ba. Kimanin kilomita 80 arewa da Khartum akwai Sabaloka, inda Kogin Nilu ke matsewa tsakanin duwatsu. Wurin ragowar tsohon dutse mai aman wuta ne, kuma akwai iri biyun duka: giranit mai manyan ƙwayoyi, da rayolait, wanda sinadarinsu ɗaya amma shi ya huce da sauri. Mutanen Shahainab, arewa da Umdurman, da rayolait ɗin nan suke sassaƙa kayan aikinsu kusan shekara 6,000 da suka wuce. Ashe fataucin dutse a bakin Nilu ya girmi kakanninmu! Mutanen Kano kuwa su tuna Ririwai, inda ake haƙar kuza. Tsarin duwatsunta irin na Sabaloka ne, zagaye kamar zobe.

Ɗauki ɓallin giranit ka duba da kyau, za ka ga abu uku. Akwai mai kama da gilashi, shi ne kwaz, wato silikon da iskar oksijin a haɗe, abin da ake kira silika. Akwai fari ko ja-ja, shi ne felsifa, mai ɗauke da alminiyam da fotasiyam ko sodiyam. Sai baƙi mai sheƙi da ke ɓarewa falle-falle, maika ke nan. Silika a giranit takan kai kashi 70 cikin 100, shi ya sa yake da haske. Baƙin dutsen nan basal, irin wanda ake fasawa a Jabal Turiya yamma da Umdurman, silikarsa wajen kashi 50 ce, ƙarfe da magniziyam sun fi yawa, saboda haka ya fi duhu da nauyi.

Ina amfanin wannan a kasuwa? Ga shi.

Na farko, tsakuwa. Garin Umdurman a kan dutsen yashi yake zaune, wato rairayi ne da ya manne, ba wuta ta haife shi ba. Yana shan ruwa, kuma mai taushinsa in ka murza sai yashi ya zubo. Basal da giranit ƙwayoyinsu a sarƙe suke da juna. Alhaji, in kankaren dakin za a zuba, murza tsakuwar da hannunka kafin ka biya kuɗin tifa.

Na biyu, giranit da marmara. Marmara danginta ɗaya da farar ƙasa, tsami yana cin ta, wuƙa tana karce ta. Giranit bai damu da lemun tsami ba, wuƙa ma ba ta yi masa komai. In teburin kicin mai saye yake nema, gaya masa gaskiya, kada matarsa ta yanka lemo a kai ya dawo maka da ƙorafi.

Na uku, duwatsun ado irin na Kasuwar Umdurman. A ma'aunin tauri na Mohs mai hawa 10, kwaz yana kan 7, gilashi wajen 5 da rabi. Don haka kwaz na gaske yana karce kwalba. In ya girma a inda ya samu fili, yakan fito da gefe shida da tsini a kai. In ka hango ƙananan kumfan iska zagayayyu a ciki, gilashi ne aka narka.

Na huɗu, zinariya. Bayan giranit ya daskare, ragowar ruwan zafi kan bi tsagogin dutse ya ajiye jijiyoyin farin kwaz, wani lokaci da zinariya a ciki. Su masu haƙa ke bi a yankin Abu Hamad. Amma a jijiyoyin nan akwai fairait, haɗin ƙarfe da farar wuta, mai ruɗin ido. Zinariya ta ninka ruwa sau 19 a nauyi, fairait sau 5 kacal. Doke su da guduma: zinariya za ta baje, fairait ya farfashe. Goga su a bayan tayil marar sheƙi: zinariya ta bar rawayan zane, fairait baƙi.

Kayan gwajin nan duka ba su wuce wuƙa, kwalba, lemun tsami da guntun tayil ba. A koya wa yaran shago, a ajiye su kusa da sikeli. Allah Ya ba da kasuwa, Ya kuma dawo wa Sudan da zaman lafiya.